Daga Scaramouche zuwa Bismillah: ma'anar baƙin kalmomin da ke cikin waƙar Bohemian Rhapsody

Bohemian Rhapsody waƙa ce ta Queen, ƙungiyar makaɗan rok ta ƙasar Birtaniya. Jagoran mawaƙan ƙungiyar, Freddie Mercury, shi ya tsara ta, kuma ta shiga kasuwa a ranar 31 ga Oktoban 1975. Da Ingilishi aka rera ta, sai dai a tsakiyarta akwai wani sashe mai tsawon kimanin minti ɗaya da aka cika da sunaye da kalmomi na wasu harsuna: Scaramouche, fandango, Galileo, Figaro, magnifico, mamma mia, Beelzebub, sai kuma kalma guda da Bahaushe ba ya neman tafinta a kanta, wato Bismillah.

Tun fitowar waƙar ake ja-in-ja a kan wannan sashe. Wasu sun ɗauke shi a matsayin surkulle, wasu sun ce saƙon addini ne aka ɓoye a ciki, wasu kuma sun ce shirme ne kawai. Abin da ya tabbata shi ne, babu ko ɗaya daga cikin kalmomin da Mercury ya ƙirƙira da kansa. Kowace tana da asali da ma'ana sananniya. Akasarinsu sun fito ne daga wasan kwaikwayo da kiɗan opera na Turai, biyu kuma daga littattafan addini. Abin da mawaƙin ya ƙi fayyacewa har ya bar duniya shi ne dalilin da ya sa ya jera su wuri guda.

Labarin da waƙar ke ɗauke da shi

Tsawon waƙar minti 5 ne da daƙiƙa 55, kuma ba ta da amshi, abin da ba a saba gani ba a waƙoƙin rediyo na wancan zamani. Ta fara da muryoyi zalla, sai piyano ya shigo, inda wani saurayi ke shaida wa mahaifiyarsa cewa ya kashe mutum, ya lalata rayuwarsa tun ba ta je ko'ina ba, yana kuma yi wa kowa ban kwana. Bayan kiɗan jita na Brian May sai sashen opera ya biyo baya. A nan muryoyi suka rabu gida biyu, wani ɓangare na roƙon a saki saurayin saboda ɗan talakawa ne, wani ɓangare na cewa ba za a sake shi ba. Daga nan kiɗa ya yi zafi, saurayin ya yi bore, kafin komai ya lafa, waƙar ta ƙare cikin sallamawa.

Dukkan baƙin kalmomin a sashen opera suke, wato daidai wurin da ake shari'ar saurayin. Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera dukkan zantukansa da waƙa, ya samo asali a Italiya a wajejen shekarar 1600, shi ya sa Italiyanci ya zama harshen da kunnen Bature ya fi dangantawa da shi. Kundin da waƙar ta fito a cikinsa ma sunansa A Night at the Opera, wato dare guda a gidan opera, sunan da ƙungiyar ta aro daga wani fim ɗin barkwanci na 'yan'uwan Marx na shekarar 1935.

Ɗaukar wannan sashe kaɗai ya ci kimanin makonni 3. Mercury da May da mai ganga Roger Taylor ne suka yi ta rerawa ana ɗora murya a kan murya, ƙarƙashin jagorancin mai haɗa sauti Roy Thomas Baker, har mutum uku suka yi amo kamar taron mawaƙa. Taylor ne ya ɗauki muryoyi mafi tsini. Na huɗunsu, John Deacon, bai sa murya ba.

Sunan waƙar

Kalmomi biyun da ke sunan waƙar ba su fito ko sau ɗaya a cikin baitocinta ba. Bohemia yanki ne da ke cikin Jamhuriyar Czech a yau. Faransawa sun daɗe suna kiran Romawa, al'ummar nan masu yawo daga gari zuwa gari a Turai, da sunan mutanen Bohemia, bisa zaton daga can suka fito. A ƙarni na 19 sunan ya koma kan matasan marubuta da masu zane da makaɗa na birnin Paris, waɗanda ke zaman talauci ba tare da bin tsarin da jama'a suka saba da shi ba. Irin rayuwarsu ce Giacomo Puccini ya nuna a operarsa La bohème ta 1896.

Rhapsody kuma daga Girkanci take. A tsohuwar Girka akwai masu yawo suna rera dogayen waƙoƙin jarumta, sunansu kuwa na nufin mai ɗinka waƙoƙi, domin gutsure-gutsure suke harhaɗawa. Daga baya kalmar ta zama sunan kiɗan da ke sauya yanayi yadda ya ga dama, kamar jerin kiɗe-kiɗe 19 na Franz Liszt da ake kira Hungarian Rhapsodies. Sunan ya dace da waƙar Mercury, wadda sassa ne mabambanta aka ɗinke.

Scaramouche da fandango

Scaramouche ɗan wasa ne a tsohon wasan barkwancin Italiya da ake kira commedia dell'arte, wanda ya bunƙasa tun ƙarni na 16. A irin wannan wasa kowane ɗan wasa yana da hali da sutura da aka san shi da su, ba ya canzawa. Sunansa na asali Scaramuccia, ma'anarsa ɗan ƙaramin artabu. Baƙaƙen kaya yake sawa irin na manyan Sifaniya, ga cika baki da tsokanar faɗa, amma da zarar an zare takobi shi ne farkon gudu. Tiberio Fiorilli, wanda ya rasu a 1694, shi ya fito da shi a dandalin Paris, inda sunan ya ɗauki lafazin Faransanci. A 1921 marubuci Rafael Sabatini ya fitar da littafin ƙagaggen labari mai wannan suna, aka kuma mayar da shi fim a 1952.

Fandango rawa ce ta Sifaniya da Portugal, ta namiji da mace, ana yin ta da jita da 'yan katakan da ake kaɗawa a tafin hannu. Ta yi tashe a ƙarni na 18, har Mozart ya sa ta a cikin operarsa ta auren Figaro. A waƙar, ana tambayar Scaramouche ne ko zai taka wannan rawa. Mai sauraro na iya fahimtar tambayar a matsayin ba'a ga matsoracin da aka gurfanar. Wasu masu sharhi sun wuce nan, suna cewa rawar na nuni da shure-shuren wanda aka rataye, amma wannan fassararsu ce, ba ta fito daga bakin mawaƙin ba.

Galileo, Figaro da magnifico

Galileo Galilei masanin taurari ne na Italiya, an haife shi a Pisa a 1564, ya rasu a 1642. A 1633 kotun Cocin Katolika ta gurfanar da shi saboda goyon bayan ra'ayin cewa duniya ce ke kewaya rana, aka tilasta masa janye maganarsa, ya ƙare rayuwarsa a ɗaurin talala a gidansa. Sau 5 aka ambaci sunansa, murya mai tsini da mai kauri na karɓeɓeniya. Mutane da dama na ganin Mercury ya sa sunan ne don abokinsa Brian May, wanda ya karanta kimiyyar sararin samaniya a Imperial College da ke Landan, ya ajiye karatun digirin digirgir saboda kiɗa, sai a 2007 ya koma ya kammala. Ko ba don May ba, sunan mutumin da aka yi wa shari'a a kan abin da ya yi imani da shi bai yi baƙunta a wurin shari'a ba.

Figaro wanzami ne na birnin Seville a wasannin kwaikwayon marubucin Faransa Beaumarchais. Kamar yadda aka san wanzamai, sana'arsa ta sa ya shiga gidan kowa, ya san sirrin kowa, yana kai saƙo tsakanin masoya, kuma wayonsa ya fi na iyayen gidansa. Wasan farko ya fito a 1775. Mozart ya yi opera a kan aurensa a 1786, Rossini ya yi tasa a kan wanzancinsa a 1816, inda akwai wurin da ake ta nanata sunan Figaro da sauri. Wannan nanatawa ce ta sa ko Baturen da bai taɓa shiga gidan opera ba ya san sunan. Jaridar Le Figaro ta Faransa, wadda aka kafa a 1826, daga gare shi ta samo sunanta.

Magnifico da Italiyanci na nufin mai girma ko ƙasaitacce. Laƙabi ne na manyan attajirai da masu mulkin birnin Venice, haka kuma da shi ake yi wa Lorenzo de' Medici na Florence kirari. A waƙar, muryoyi ne ke shigowa ɗaya bayan ɗaya a kan gaɓar ƙarshe ta kalmar, kowace ta riƙe sautinta, kamar ana buga ƙararrawa bi da bi.

Akwai wata fassara da ta yaɗu, mai cewa idan aka haɗa kalmomin nan uku za su ba da jimlar Latin da ke nufin a ɗaukaka surar mutumin Galili, wato Annabi Isa. Gaskiya ne sunan Galileo yana da alaƙa da yankin Galili, amma jerin kalmomin bai bi nahawun Latin ba, kuma Figaro suna ne na ɗan wasa. Ita kuwa mamma mia, ma'anarta uwata, kuma Italiyawa na faɗinta ne a lokacin firgici ko mamaki, kamar yadda Bahaushe ke cewa wayyo inna. Ta kuma mayar da mai sauraro ga mahaifiyar da saurayin ya kira tun farkon waƙar.

Bismillah

Bismillah Larabci ce, ma'anarta da sunan Allah. Ita ce farkon Basmala, wadda ke buɗe surori 113 daga cikin 114 na Alƙur'ani mai girma. Suratut Tauba ce kaɗai ba ta fara da ita ba, sai dai ta zo a tsakiyar Suratun Namli, aya ta 30, a farkon wasiƙar Annabi Sulaiman zuwa ga sarauniyar Saba'. Musulmi na faɗinta kafin ci da sha da fara kowane aiki na alheri. A Hausa ta ƙara samun wani aiki, domin da ita ake yi wa baƙo tayin abinci ko izinin shiga ko na zama.

Sau 3 aka faɗe ta a waƙar, da ƙarfi, cikin murya mai kauri, kuma kowane karo abin da ke biyo bayanta shi ne amsar masu ƙin sakin saurayin. Wannan ya sa ake karanta ta ta fuska biyu. Ta yiwu saurayin ne ko masu ceton sa ke kiran sunan Allah, abokan hamayya su amsa da a'a. Ta yiwu kuma masu hukuncin ne ke buɗe hukuncinsu da ita, kamar yadda alƙali ke yi. Tsarin muryoyin ya bar ƙofa ga duka biyun.

Inda Mercury ya san kalmar ba ɓoyayye ba ne. An haife shi a ranar 5 ga Satumban 1946 a tsibirin Zanzibar, inda mafi yawan jama'a Musulmi ne masu magana da Swahili, kuma a lokacin Sarkin Musulmin tsibirin na mulki ƙarƙashin kariyar Birtaniya. Sunansa na yanka Farrokh Bulsara. Iyayensa, Bomi da Jer, 'yan ƙabilar Parsi ne daga yammacin Indiya, zuriyar mutanen Farisa da suka yi ƙaura zuwa Gujarat ɗaruruwan shekaru da suka wuce, mabiya addinin Zarathustra, wanda littattafan Larabci ke kira Majusanci. Yana ɗan shekara 8 aka tura shi makarantar kwana ta St Peter's da ke Panchgani a Indiya. Juyin juya halin Janairun 1964, wanda ya kifar da Sarki Jamshid bin Abdullah, shi ya sa iyalin suka tsere zuwa Ingila.

Saboda haka Mercury ba Musulmi ba ne, kuma malaman addinin iyayensa ne suka jagoranci jana'izarsa. Amma ya tashi a garin da Bismillah ke bakin kowa, daga kasuwa har bakin teku. Cikin dukkan baƙin kalmomin waƙar, ita ce ta fito daga ƙasar haihuwarsa. Ya sake komawa ga irin wannan amo a waƙar Mustapha, wadda ta buɗe kundin Jazz na 1978. A can ya cakuɗa sunaye da gaisuwar Musulmi da wasu kalmomi masu kama da Larabci da Farisanci, waɗanda da yawansu ba su da ma'ana a kowane harshe.

Beelzebub

Beelzebub ya fito ne daga Ibrananci, Ba'al Zebub, wato ubangijin ƙudaje. Zebub 'yar'uwar kalmar Larabci ce zubab, wadda ita ma ke nufin ƙuda. A Littafi Mai Tsarki, farkon littafin Sarakuna na biyu, sunan gunkin birnin Ekron ne na Filistiyawa, wanda Sarki Ahaziya ya aika a tambaya ko zai warke daga ciwonsa, Annabi Iliya ya tare manzannin ya tsawata musu. A Linjila sunan ya zama na shugaban aljanu. Mawaƙin Ingila John Milton, a doguwar waƙarsa Paradise Lost ta 1667, ya sanya shi na biyu a daraja bayan Shaiɗan. Rabin farko na sunan sananne ne ga mai karatun Alƙur'ani, domin a Suratus Saffat, aya ta 125, Annabi Ilyasu ya zargi mutanensa da kiran Ba'al su bar Mahalicci.

A waƙar, saurayin ne ke kuka cewa an riga an tanadar masa shaiɗanin da zai azabtar da shi. Ambaton na tsoro ne da yanke ƙauna, kuma da shi sashen opera ya rufe. Sunan Allah da sunan shugaban aljanu da suka zo kusa da juna su ne suka mayar da shari'ar ta zama ta ran saurayin, bayan ta fara a matsayin ta laifin kisa.

Abin da daftarin waƙar ya nuna

A watan Satumban 2023 kamfanin gwanjo na Sotheby's da ke Landan ya sayar da kayan Mercury da ya bar wa aminiyarsa Mary Austin. A cikinsu akwai daftarin waƙar mai shafi 15, da ya rubuta da hannunsa a kan takardun kamfanin jiragen sama na British Midland, wanda aka saya a kan kimanin fam miliyan 1.38. Daftarin ya nuna cewa da farko Mongolian Rhapsody ya rubuta, sannan ya soke kalmar farko ya sa Bohemian. A wani shafi kuma ya watsa kalmomi iri-iri yana gwadawa, ciki har da matador, wato mai wasa da bijimi a Sifaniya, da belladonna, wadda ke nufin kyakkyawar mace da Italiyanci kuma sunan wani tsiro ne mai dafi. Waɗannan biyu ba su shiga waƙar ba.

Wannan hujja ce mai ƙarfi cewa amo da nauyin gaɓoɓi ne suka fara jagorantar zaɓinsa. Ya tara kalmomin da ke da ƙamshin opera, ya tace, ya bar waɗanda suka hau kiɗan. Duk da haka, waɗanda suka tsira daga tacewar sun zo daidai da labarin: matsoraci da aka gurfanar, masani da aka yi wa shari'a, kiran uwa, kiran Allah, da tsoron azaba.

Fassarorin da aka yi wa waƙar

Mercury ya sha cewa a saurari waƙar, kowa ya yanke wa kansa abin da take faɗa masa. Mai gabatar da shirye-shiryen rediyo Kenny Everett, wanda ya sa ta sau 14 cikin kwana 2 a tashar Capital tun kafin ta shiga kasuwa, ya ce mawaƙin ya shaida masa cewa kalmomi ne kawai masu amsa-amo. Taylor ya ce ma'anar waƙar a fili take, in ban da ɗan shirmen da ke tsakiya. May kuwa ya ce abokinsu bai taɓa yi musu bayani ba, amma ya zuba abubuwa da yawa na rayuwarsa a cikinta.

Wasu marubuta tarihinsa na ganin mutumin da aka kashe a waƙar shi ne tsohon Farrokh Bulsara, kuma waƙar na nuni da rikicin da mawaƙin ke ciki a rayuwarsa ta sirri gab da rabuwarsa da Mary Austin. Wasu sun kwatanta ta da littafin L'Étranger na Albert Camus na 1942, labarin saurayin da ya yi kisa aka yanke masa hukuncin kisa. Wasu kuma sun haɗa ta da tatsuniyar Faust ta Jamus, mutumin da ya sayar wa Shaiɗan ransa.

Wannan fassara ta ƙarshe ce aka bi a Iran a 2004, lokacin da hukumomi suka amince a sayar da kaset na zaɓaɓɓun waƙoƙin Queen tare da fassarar Farisanci. Takardar da ke cikin kaset ɗin ta bayyana cewa labarin saurayi ne da ya yi kisa bisa kuskure, ya sayar da ransa, a daren da za a kashe shi ya kira Allah da Bismillah, mala'iku suka taimaka masa ya ƙwato ransa daga Shaiɗan. Baitocin waƙar dai ba su ambaci kuskure ko mala'iku ba.

Karɓuwar waƙar

Duk da tsawonta da baƙin kalmominta, waƙar ta shafe makonni 9 a saman jadawalin waƙoƙin da aka fi saye a Birtaniya. Wadda ta sauke ta a Janairun 1976 ita ce waƙar ƙungiyar ABBA ta Sweden mai suna Mamma Mia. Bayan rasuwar Mercury a ranar 24 ga Nuwamban 1991, sakamakon ciwon huhu mai nasaba da cutar ƙanjamau, ta sake hawa saman jadawalin na makonni 5. A Amurka ta kai matsayi na 9 a 1976, sannan na 2 a 1992 bayan an sa ta a fim ɗin Wayne's World.

A 2002 aka buɗe wasan kwaikwayo na waƙoƙin Queen mai suna We Will Rock You a Landan, inda aka raɗa wa jarumin Galileo Figaro, jarumar kuma Scaramouche. Fim ɗin tarihin Mercury na 2018, wanda ya ɗauki sunan waƙar, ya lashe kyautar Oscar 4, ciki har da ta gwarzon ɗan wasa da Rami Malek ya samu. A Yulin 2019 bidiyon waƙar ya haura kallo biliyan 1 a YouTube, a 2022 kuma Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya shigar da ita cikin rajistar sautukan da ake adanawa saboda muhimmancinsu na tarihi.